Silsilar Awo: Tarihin Daidaita Ma'auni daga Mudun Madina zuwa Ɗakin Gwaje-gwaje

Kowace na'urar awo da ke ɗakin gwaje-gwaje, ko sikeli ce ko ma'aunin zafi ko bututun ɗiban ruwa, ba ta da ikon tabbatar da gaskiyar kanta, domin lambar da take nunawa tana samun daraja ne kawai idan an kwatanta na'urar da wani ma'auni da ya fi ta inganci, shi ma an kwatanta shi da wanda ya fi shi, har a kai ga asalin da kowa ya yarda da shi. Wannan kwatantawa ita ake nufi da daidaita awo, takardar da ake bayarwa bayan an gama kuma ita ce shaidar cewa na'urar tana da mazauni a cikin wannan silsila. Abin da tarihin sana'ar ya nuna shi ne cewa silsilar ba ta ɗorewa da kanta, saboda ƙarfe yana lalacewa, gilashi yana motsawa, hannun ɗan Adam kuma yana karkata zuwa inda ribarsa take, shi ya sa kowane zamani ya wayi gari yana bukatar a maimaita kwatancen lokaci bayan lokaci.

Duniyar Musulmi ta san wannan matsala tun da wuri, domin ibada kanta ta rataya a kan awo. Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ce, sa'i kuwa mudu huɗu ne da mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don haka sanin haƙiƙanin girman wannan mudu ya zama tambayar fiƙihu tun kafin ya zama tambayar kasuwa. Akwai sananniyar ruwaya da malamai ke kawowa cewa Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya zo Madina yana riƙe da ra'ayin mutanen Iraƙi a kan girman sa'i, sai 'ya'yan Muhajirai da Ansar suka fito da sa'o'in da suka gada daga iyaye da kakanni, waɗanda da su aka riƙa fitar da zakka tun zamanin Annabi, da aka auna kuma aka same su a kan abin da Imam Malik yake faɗa, wato raɗali biyar da sulusi, sai Abu Yusuf ya bar ra'ayinsa. Hujjar da ta yi aiki a nan hujja ce ta gado daga hannu zuwa hannu, wadda ita ce ginshiƙin daidaita awo har yau.

Mutanen Magrib sun kai wannan tunani matuƙa. A ƙarni na 14, zamanin daular Banu Marin a Fas, an ƙera mudaye na tagulla da umarnin sarakuna irin su Abul Hasan, aka zana a jikinsu cewa an daidaita wannan mudu a kan mudun wane, wanda aka daidaita a kan mudun wane, ana jero sunaye har a dangana da mudun sahabi Zaidu ɗan Sabit. Wasu daga cikin waɗannan mudaye suna nan a gidajen adana kayan tarihi na Maroko da Aljeriya. Malaman hadisi suna kiran jerin masu ruwaya isnadi, maƙeran Fas kuwa sun ɗauki wannan tsari suka ɗora wa kwano, kuma duk wanda ya san yadda ake rubuta takardar shaidar daidaita na'ura a yau zai ga cewa abin da ke cikinta ke nan, wato da me aka kwatanta, wa ya kwatanta, kuma daga ina shi abin kwatancen ya samo nasa ingancin. Ko da mai bincike zai yi shakkar cewa girman mudun bai canja ba a tsawon ƙarni bakwai na kwafi daga kwafi, shakkar tasa ma tana tabbatar da amfanin rubutun ne, tun da sai an san mahaɗan silsila sannan ake iya tambayar inda ta yi rauni.

A ɓangaren nauyi kuwa, bayan halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarensa a shekara ta 77 bayan hijira, wanda nauyinsa ya kai giram 4.25, jami'an kuɗi na Masar sun riƙa yin duwatsun awo da gilashi suna buga musu hatimi da sunan mai mulki, kuma an zaɓi gilashi ne domin ba ya tsatsa, kuma ba a iya kankare shi a rage masa nauyi ba tare da tabon ya fito fili ba. A Alƙahira ta zamanin Faɗimiyyawa akwai gida na musamman da ake kira Darul Iyar, inda ake kai sikeli da duwatsun awo a gwada su a ƙarƙashin kulawar muhtasibi, wato jami'in hisba mai sa ido a kan kasuwa. Kasuwannin ƙasar Hausa sun gaji wa'azin da ke hana tauye mudu, sun kuma san sarkin kasuwa da ma'auna, amma mudun hatsi da tiya sun ci gaba da bambanta daga gari zuwa gari, kuma duk mai sayen gero ya san cewa kwanon da aka buga wa gindi ya lotsa ciki, da yadda mai awo ya tara tulin da ke kai, da hannun da ya sa ya tare ko ya janye, duk suna cikin ciniki. Irin wannan sassauci yana wadatar da mutanen da suka san juna suna kallon kwano ɗaya, amma ba ya wadatar da mai haɗa magani da likitan da ke wata ƙasa, waɗanda ba za su taɓa haɗuwa ba.

Turai ma ta daɗe cikin irin wannan ruɗani, domin Faransa kafin juyin juya halin 1789 tana da ɗaruruwan sunayen awo waɗanda ƙimarsu ke sauyawa daga lardi zuwa lardi, manoma kuma suna kuka cewa masu ƙasa suna karɓar haraji da babban mudu. Masanan juyin sun ƙudurta ɗauko ma'auni daga halitta maimakon daga jikin sarki, suka ce mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu. Daga 1792 zuwa 1798 masana taurari biyu, Delambre da Mechain, suka auna tazarar Dunkirk zuwa Barcelona, a 1799 kuma aka ƙera sandar mita da dunƙulen kilogiram da farin ƙarfen nan mai tsada da ake kira filatinam. Daga baya an gano cewa sandar ta gaza abin da aka nufa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, musamman saboda siffar duniya ba ta bi lissafin da aka yi mata ba, amma ba wanda ya koma ya gyara sandar, sai aka bar duniya aka riƙe ƙarfen. Ingila kuwa ta koyi haɗarin dogaro da abu guda a 1834, lokacin da gobarar da ta cinye ginin majalisa ta lalata asalin yadi da fam na ƙasar, har sai da aka shafe kusan shekara ashirin ana tattara kwafe-kwafen da suka tsira kafin a sake kafa su a doka a 1855.

A ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a birnin Faris, suka kafa hukumar awo ta duniya a Sevres, a bayan garin, a 1889 kuma aka amince da sabon asalin kilogiram. Ɗan dunƙule ne mai siffar gwangwani, tsayinsa da faɗinsa milimita 39, an yi shi da kashi 90 cikin ɗari na filatinam da kashi 10 na iridiyam, kamfanin Johnson Matthey na Landan ne ya narka ƙarfen. An ajiye shi a ƙarƙashin murafen gilashi uku, ɗaya cikin ɗaya, a wani ɗaki da sai an haɗa makullai uku da ke hannun mutane daban-daban sannan yake buɗewa, tare da wasu kwafe da ake kira shaidu, sauran kwafen kuma aka raba wa ƙasashe ta hanyar ƙuri'a. Daga wannan rana kowane awon nauyi na kimiyya a duniya ya zama yana da isnadi zuwa wannan dunƙule, daga sikelin mai haɗa magani zuwa duwatsun awo na kamfanin da ya daidaita shi, zuwa kwafin ƙasa, zuwa Sevres.

A nan ne tarihin ya ba da darasinsa mafi nauyi. Ba a fito da asalin ba sai sau ƙalilan a cikin fiye da ƙarni guda, wato a wajajen 1946, da tsakanin 1988 da 1992, da kuma 2014, kuma kafin a ɗora shi a sikeli sai an goge shi da fata mai laushi da aka jiƙa da sinadaran wanki, sannan a feshe shi da tururin ruwa mai tsabta, domin ƙurar iska da ke manne masa tana ƙara masa nauyi. Duk da wannan tattali, kwatancen ya nuna cewa asalin da kwafensa sun rabu da juna da kimanin maikurogiram 50 a cikin shekara ɗari, maikurogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, wato ratar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin ƙwayar gero ba. Ba a iya cewa asalin ne ya rame ko kwafen ne suka ƙaru, domin a dokar wancan zamani shi asalin kilogiram ɗaya ne cif ko me ya same shi, kuma babu wani abu a samansa da za a kwatanta shi da shi. Idan ƙarfen da aka zaɓa saboda rashin tsatsa, aka killace shi daga hannu da iska, ya goce haka, to sikelin da ɗalibai da ma'aikata ke taɓawa kowace safiya ba shi da hujjar a ɗauka cewa yana nan yadda masana'anta ta fito da shi.

Wannan ne ya sa aka riƙa raba ma'aunai da abubuwan da hannu ya ƙera ɗaya bayan ɗaya. An ɗora mita a kan hasken sinadarin kirifton a 1960, sannan a 1983 aka ɗora ta a kan saurin haske, wanda aka tsayar a mita 299,792,458 a daƙiƙa, ita kuwa daƙiƙa tun 1967 aka ɗaure ta da kaɗawar ƙwayar zarrar siziyam. Kilogiram ne ya rage, sai a Nuwamba 2018 wakilan ƙasashe suka kaɗa ƙuri'a a Versailles cewa daga 20 ga Mayu 2019 za a ɗora shi a kan wata lamba tabbatacciya ta halitta da ake dangantawa ga Max Planck, ana kuma fitar da shi a aikace da wani sikeli da Bryan Kibble ya ƙirƙiro a Ingila a 1975, wanda ke auna nauyi da ƙarfin lantarki. Kuskure ne a ɗauka cewa wannan sauyi ya sauke wa ƙananan ɗakunan gwaji nauyin daidaitawa, domin ƙasashen da ke da irin wannan sikeli ba su da yawa, su ma sai sun riƙa kwatanta sakamakonsu da juna, duk wanda ke ƙasa da su kuma har yanzu da duwatsun awo na ƙarfe yake aiki.

Ma'aunin zafi ya ba da irin wannan shaida ta wata fuska. Masana ƙarni na 19 sun lura cewa idan aka tsoma ma'aunin gilashi a cikin ƙanƙara mai narkewa, inda ya kamata ya nuna sifili, yakan nuna sama da haka kaɗan bayan wasu shekaru, saboda ƙwan gilashin da ke riƙe da zaiba yana ci gaba da tsukewa a hankali tun bayan da aka hura shi da wuta. James Joule na Manchester ya bi sifilin wani ma'auninsa kusan shekara arba'in yana rubutawa, bai kuma ga ya tsaya ba. A shekarun 1880 Otto Schott na Jena a Jamus ya samar da gilashin da wannan aibi ya ragu a cikinsa ƙwarai, bayan an gano cewa gilashin da aka haɗa masa nau'o'in kanwa biyu ya fi wanda ke da guda ɗaya motsi, amma ragewa ce aka yi, ba a kawar ba. Tun shekarun 1850 gidan duban taurari na Kew kusa da Landan ya fara karɓar ma'aunan zafi da na iska daga maƙera yana gwadawa, yana zana alamarsa a jikin gilashin, yana ba da takarda mai nuna kuskuren kowane ma'auni a matakai daban-daban, kuma likitoci da matuƙan jiragen ruwa sun riƙa biyan ƙari domin samun mai wannan alama. Abin lura a takardar Kew shi ne ba ta cewa na'ura ba ta da kuskure, faɗa take yi nawa ne kuskuren domin mai aiki ya gyara lissafinsa, kuma haka takardun yau suke, sai dai an ƙara musu abin da ake kira gwargwadon rashin tabbas, wato iyakar da ake sa ran gaskiya tana cikinta.

Masana'antu ne suka tilasta wa gwamnatoci kafa cibiyoyin awo na ƙasa: Jamus a Barlin a 1887 da tallafin Werner von Siemens, Ingila a 1900 inda aikin Kew ya koma, Amurka a 1901. Asibitoci sun makara. A wani bincike da aka wallafa a 1947, masu bincike Belk da Sunderman sun aika wa gomman ɗakunan gwaji na asibitoci a jihar Pennsylvania samfura waɗanda an riga an san adadin sukari da sauran sinadaran da ke cikinsu, sai amsoshin suka dawo a warwatse ta yadda mutum ɗaya zai iya fitowa lafiyayye a wani asibiti, majinyaci a wani. Bayan shekara uku Levey da Jennings suka gabatar da jadawalin da ake zana sakamakon samfurin gwaji a kai kullum, domin a hango lokacin da na'ura ta fara zamewa tun kafin ta cutar da wani. A 1947 ɗin kuma Ostareliya ta kafa hukuma ta farko a duniya mai tantance ɗakunan gwaji su kansu, bisa darasin da ta koya wajen gwada kayan yaƙi, daga wannan tushe ne kuma aka samu ƙa'idar ISO/IEC 17025 a 1999, wadda aka sabunta a 2005 da 2017, da ISO 15189 ta ɗakunan gwajin asibiti a 2003.

Ƙa'idar ba ta yanke cewa a daidaita kowace na'ura bayan wata kaza ba, ta bar wa ɗakin gwajin ya tsayar da wa'adi bisa yawan aiki da tarihin na'urar, ko da yake shekara guda ta zama al'ada, kuma a ganin mai wannan nazari riƙe shekara guda ido rufe ya fi kusa da cika sharaɗin masu duba takardu fiye da sanin halin na'ura. Tsakanin zuwan mai daidaitawa da dawowarsa, aikin yana hannun ma'aikaci. Da safe yakan duba ƙwayar iskar da ke jikin sikeli ya ga ko tana tsakiya, ya ɗauko dutsen awo da hantsaki, domin maiƙon yatsa nauyi ne, ya ɗora ya rubuta abin da ya gani. Bututun ɗiban ruwa ana gwada shi ne ta hanyar ɗiban tataccen ruwa a zuba a sikeli, tun da mililita ɗaya ta ruwa tana kusa da giram ɗaya, na'urar auna tsami kuma ana tsoma ta a ruwaye sanannu masu lamba 4 da 7 da 10. A jikin kowace na'ura akwai 'yar takarda manne mai ɗauke da ranar da aka daidaita ta da ranar da wa'adinta zai cika.

Ƙasashe masu zafi suna da ƙarin dalilai nasu. Ƙurar hunturu da zafin bazara da hawa da saukar wutar lantarki duk suna gajiyar da na'ura, akwai kuma wani dalili da ba kowa ke tunawa da shi ba, wato ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi ya fi rauni kusa da layin da ya raba duniya biyu, abin da Jean Richer ya fara lura da shi a 1672 lokacin da agogonsa mai lilo ya riƙa jinkiri da kimanin minti biyu da rabi a yini a Cayenne, wadda ke kusa da wannan layi. Sikelin lantarki ƙarfin ja yake aunawa, don haka wanda aka saita a Barlin aka kawo Kano ba tare da an sake saita shi ba zai rage kimanin giram 3 a kowane kilogiram, kuskuren da ya ninka na dunƙulen Sevres sau dubbai, kuma takardar da ta biyo shi daga masana'anta ba ta magance wannan, sai an daidaita shi a kan teburin da zai zauna.

Nijeriya ta kafa hukumar kula da ingancin kayayyaki a 1971, ta koma tsarin mita da kilogiram a shekarun 1970, tana da sashen awo a ma'aikatar ciniki mai duba sikelin kasuwa da famfunan gidajen mai, daga baya kuma aka gina cibiyar awo ta ƙasa a Enugu domin rage aika duwatsun awo da na'urori ƙasashen waje da kuɗin musaya. Muhimmancin wannan ga manomi ya bayyana a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari na dikulobos, wanda da shi ake haɗa abin da ake kira fiya-fiya, aka kuma tsawaita dakatarwar a shekarar da ta biyo baya. Laifin na yadda ake adana waken ne, amma iyakar da dokar Turai ta sa ita ce miligiram 0.01 a kilogiram, kuma ɗan kasuwar da ya tara wake mai tsabta a kasuwar Dawanau ba shi da hanyar nuna tsabtarsa sai da sakamakon ɗakin gwajin da mai saye ya yarda da tantancewarsa, wanda zai iya nuna takardar kowane sikeli da kowane bututu da aka yi aikin da su, da ranar da aka daidaita su, da ma'aunin da aka kwatanta su da shi.